Abin da Ya Kamata Ku Sani Idan Tsohon Babur Yana Mis a Silo

Akwai wani ciwo da ya fi kama tsohon babur, kuma duk wanda ya daɗe yana hawa ya san shi. A buɗaɗɗen titi, idan an sakar masa totur, tafiya yake yi lafiya lau. Amma da zarar an shiga cunkoso, ko an tsaya a danja, ko ana lallaɓawa cikin lungu a giya ɗaya ko biyu, sai injin ya fara tsallake bugu: ya buga, ya buga, ya ɗauke, sannan ya kama da fizga. Wani lokaci salansa ta yi harbi, wani lokaci ya mutu ɗungurungum, sai an sauke ƙafa an sake buga kik. Shi ne abin da kanikawa ke cewa mashin yana mis.

Abin da aka saba yi sananne ne. A canja filogi. In bai daina ba, a murɗa sukurun silo a ɗaga ƙarar injin har mis ɗin ya ɓuya. Bayan 'yan kwanaki ya dawo, sai a ce CDI ne, a sayo. Daga nan koyil, daga nan sabuwar kafireta 'yar arha, wadda sau da yawa ba ta kama ƙafar tsohuwar da aka cire ba. Kafin a ankara aljihu ya ji jiki, alhali ƙila laifin na wata waya ce da ta ci tsatsa. Dalilan mis a ƙaramin gudu ba su da yawa, kuma ana iya tantance mafi yawansu da gwajin da ba ya cin ko kwabo, muddin an san abin da ake nema.

Me ya sa sai a silo?

Kowane bugu na inji yana buƙatar abu uku a lokaci guda: cakuɗen fetur da iska daidai gwargwado, matsi a cikin silinda, da tartsatsin wuta mai ƙarfi a kan lokacinsa. In ɗaya ya gaza, wannan bugun ya tafi a banza. A silo, wato wajen juyi 1,300 zuwa 1,500 a minti ga ƙananan injunan nan, dukkan ukun suna cikin rauni. Totur kusan a rufe yake, don haka cakuɗen da ke shiga kaɗan ne, ga shi gauraye da guntun hayaƙin da bai gama fita ba, yana da wuyar kamawa. Fistin yana hawa a hankali, to in akwai wata 'yar kafa a bawul ko a ringi, matsin yana samun damar sulalewa. Sai kuma wuta, wadda ita ce mutane suka fi jahilta.

Da yawa daga cikin tsofaffin baburan da ke hannun jama'a ba daga batir suke ɗaukar wutar filogi ba. Honda CG125, wanda aka fara ƙerawa a 1975 kuma kamfanonin Sin suka kwaikwayi injinsa ba adadi, da roba-roba 'yan gidan Super Cub da ta fito tun 1958, da Jincheng mai hayaƙi da aka ɗauko daga Suzuki AX100, galibinsu daga magineto suke samun wuta. Magineto wani ƙarfe ne mai kama da kwano da ke manne a kan kiranshaf, da maganaɗisu a cikinsa, yana juyawa kewaye da koyil-koyil na wayar tagulla. Ƙarfin wutar da yake bayarwa ya danganta da saurin juyinsa, kamar dai dinamon keke: in kana tuƙi a hankali fitila ta yi ja-ja, in ka taka ta haska. To idan koyil ɗin ciki ya tsufa, ko maganaɗisun ya yi sanyi, ko tsatsa ta shiga haɗin waya, a babban gudu wutar tana isa duk da haka. A silo ne take faɗuwa ƙasa da abin da filogi ke buƙata, wanda kan wuce volt 10,000. Wannan shi ne dalilin da ya sa babur zai yi gudu kamar ba abin da ke damunsa, amma ya kasa tsayawa a danja.

Kafin a taɓa sifana

Tambaya ta farko ita ce: yaushe yake yi? Amsar tana rage rabin aiki. Mis ɗin da ke zuwa da sanyin safiya ya tafi bayan inji ya ɗumama, yawanci ƙarancin fetur ne a hanyar silo ta kafireta. Wanda ba ya farawa sai inji ya yi zafi, ya kuma lafa in an ajiye babur ya huce, a zargi koyil, ko kwandensa, ko bawul da ya matse. Wanda ke biyo bayan ruwan sama ko wanki, a duba hular filogi da wayarta. Wanda ke zuwa idan an karya kan babur ko an faɗa rami, waya ce ta gutsure a cikin robarta, galibi a wuyan babur inda wayoyi ke lanƙwasa kullum. In kuma sai an kunna fitila ko an taka birki yake tsananta, kuma babur ɗin irin mai ɗaukar wutar filogi daga batir ne, to batir ko caji ne. Lafiyayyen batir mai volt 12 yana nuna kusan 12.6 a mita idan inji a kashe yake, ya hau wajen 13.5 zuwa 14.5 idan an ɗan murɗa totur.

Gwaji na biyu shi ne cok. A bari inji ya yi zafi, yana cikin mis ɗin a ɗan ja cok kaɗan, ba duka ba. In ya daidaita, fetur ne bai ishe shi ba, ko iska tana shiga ta ɓarauniyar hanya. In ya ƙara shaƙewa ya nemi mutuwa nan take, fetur ya ishe shi ko ma ya yi yawa, sai hankali ya koma kan wuta. Gwajin ba hukuncin ƙarshe ba ne, amma yana nuna ƙofar da za a fara ƙwanƙwasawa.

Sannan a cire filogi a dubi bakinsa. A cire shi ne bayan inji ya jima yana mis a silo, ba bayan doguwar tafiya ba, domin gudu yana ƙone shaidar. Launin ƙasa-ƙasa mai haske alamar lafiya ne. Baƙi busasshe mai kama da kunkunniya yana nufin fetur ya yi yawa, ko wutar ba ta iya ƙone shi. Baƙi mai danshi da maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa ta ringi ko ta robar bawul. Fari fat kuwa ƙarancin fetur ne. A lura, baƙin filogi ba shi ne mai laifi ba, shi ma cutarsa aka yi. In aka sa sabo ba a gano abin da ya baƙanta tsohon ba, sabon ma zai bi sahu. Tazarar bakin filogi a yawancin injunan nan milimita 0.6 zuwa 0.7 ce, kuma tana buɗewa da tsufa. A kula da lamba: CG125 da NGK D8EA aka san shi, roba-roba da C7HSA. Jabun filogi sun cika kasuwa, har da masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni, saboda haka sabon filogi ba hujja ba ce cewa filogi ya fita daga zargi.

Gwajin da ke yaudarar mutane

Kowa ya san yadda ake gwada wuta: a cire filogi, a maƙala masa hularsa, a jingina shi da jikin inji, a buga kik. Tartsatsi ya fito, sai yaron gareji ya ɗago ya ce, "Oga, akwai wuta." A nan ake ɓata. Tsallake tazarar milimita 0.7 a sarari abu ne mai sauƙi, ko wutar da ta kusa mutuwa za ta iya. A cikin silinda kuwa, inda aka matse iska ninki takwas ko tara, wuta tana buƙatar ƙarfi ninkin-ba-ninkin kafin ta tsallake wannan tazarar. Gwajin gaskiya shi ne a cire hular, a riƙe wayar da filaya mai hannun roba, a bar kamar milimita 6 tsakanin bakinta da jikin inji, sannan a buga kik. Lafiyayyar wuta za ta tsallake, shuɗiya, da ƙara ƙas-ƙas, a kowane juyi. Wadda ke fitowa ja-ja siririya, ko take zuwa tana ɗaukewa, ita ce ke ba da mis. Kada a yi wannan gwaji kusa da ramin filogi idan inji ya sha fetur, kuma kada a riƙa buga kik wayar na reto nesa da ƙarfe, domin wutar da ta rasa wurin sauka tana iya huda koyil daga ciki.

Akwai dabarar da wasu kanikawa ke yi, su matse bakin filogi ya koma rabin tazararsa. Mis yakan ragu, domin raunanniyar wuta ta samu gajeriyar hanya. A matsayin gwaji dabara ce mai kyau, tana tabbatar da cewa wutar ce ba ta da ƙarfi. A matsayin gyara kuwa rufa-rufa ce.

In wuta ta nuna rauni, a bi ta daga filogi zuwa baya, daga mai arha zuwa mai tsada. Hular filogi ta asali tana da wani ɗan abu mai rage ƙarfin wuta a cikinta, wanda a yawancinsu ke nuna kusan om 5,000 a mita. In ya ƙone, adadin ya haura sosai ko mita ta ƙi nuna komai. Hular murɗa ta ake yi a kan wayar, kuma bakin wayar yakan yi kore da tsatsa; a yanke kamar santimita ɗaya a sake murɗawa. Da dare, a tayar da injin a waje cikin duhu a duba: in robar wayar ta tsage, za a ga wuta tana tsalle zuwa jikin babur. A kwance koyil ɗin da ke ƙarƙashin tanki a goge mazauninsa har ƙarfe ya yi fari, domin ta nan wuta ke komawa, kuma fenti ko tsatsa a wurin suna cinye ta.

Sai wayar kashe inji. A tsarin Honda da masu kwaikwayonsa, makulli ba yanke wuta yake yi ba, zubar da ita yake yi a jikin babur ta wata waya baƙa mai ratsin fari. In makullin ya tsufa, ko ruwa da ƙura sun taru a cikinsa, sai ya riƙa satar wutar kaɗan-kaɗan ko da a buɗe yake. A zare wannan waya daga CDI a tayar da inji. In mis ya ɓace, an kama ɓarawon. A tuna fa, muddin tana zare makulli ba zai kashe injin ba, sai an taka birki, an sa giya, an saki kuloci.

Masu foyin da masu CDI

Tsofaffin gaske, irin CG125 na farko-farko masu volt 6 da tsofaffin roba-roba da Vespa, da foyin suke aiki: wasu 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa suna rabuwa, kuma a daidai lokacin rabuwarsu ne wuta ke tashi. Ƙafar foyin tana goguwa a hankali, tazarar ta ragu, wuta ta riƙa zuwa a makare. Tazarar da aka saba ita ce milimita 0.3 zuwa 0.4 idan sun buɗe iyakar buɗewa. A jikin magineto akwai alamu biyu, F da T. Foyin ya kamata ya fara buɗewa daidai lokacin da F ta zo kan alamar da ke jikin inji. T kuwa tana nuna fistin ya kai ƙololuwa, ita ake amfani da ita wajen saita bawul. Tsofaffin kanikawa sukan saƙala siririyar takarda tsakanin foyin su riƙa juya magineto da hannu, inda takardar ta saki nan ne buɗewar. In fuskar foyin ta yi ramuka ta ƙone, kuma ana ganin tartsatsi mai yawa a tsakaninsu idan inji na aiki, kwandensa ce ta mutu. A canja su tare. Ɗigon mai ɗaya a fuskar foyin ma ya isa ya kawo mis.

CDI ya zo ne ya raba mutane da wannan wahala, ba abin da ke goguwa a cikinsa. Amma yana dogara da koyil biyu: wanda ke cika shi da wuta daga cikin magineto, da wani ƙarami da ke sanar da shi lokacin da zai saki wutar. A launin wayoyin Honda, na farkon baƙa ce mai ratsin ja, na biyun shuɗiya mai ratsin rawaya ko fari. Ana auna su da mita a kwatanta da adadin da littafin babur ɗin ya faɗa, ko da na wani lafiyayyen babur irinsa. A auna da sanyi, a sake aunawa da zafi, domin wayar da ta tsinke a cikin koyil takan haɗu in ta huce ta rabu in ta ɗau zafi. Ƙaramin koyil ɗin kuma in sukurunsa ya saki ya ja baya, saƙonsa ba ya kaiwa a ƙaramin juyi. Wani abu da ake mantawa shi ne ɗan ƙarfen nan mai siffar rabin wata da ke riƙe magineto a mazauninsa a kan kiranshaf. In notin magineto bai ɗauru sosai ba, ƙarfen yakan gutsure, magineto ya ɗan goce, taimin ya tafi gaba ɗaya. Alamarsa kik ya riƙa dukan ƙafa, ko salansa ta yi ta harbi.

Idan wuta lafiya take

To sai kafireta, kuma a nan ma wuri ɗaya ne. Daga silo zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na totur, wani ɗan ƙaramin jet ne ke ba inji fetur. Allura da babban jet sai an ƙara murɗawa suke karɓar aiki. Ramin ƙaramin jet bai kai rabin milimita ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe shi. Fetur ɗin galan na bakin titi, da tsatsar tsohon tanki, da fetur ɗin da ya kwana watanni a babur da aka jingine ya zama danƙo, duk a nan suke taruwa. Wanke kafireta da ake yi a gurguje, a zubar da kwanon ƙasa a hura babban jet a mayar, ba ya taɓa wannan wuri. A cire ƙaramin jet ɗin, a ɗaga shi sama a ga haske ta cikinsa, a hura iska ta hanyoyin jikin kafireta. Kada a zura masa allura ko wayar ƙarfe. In ramin ya faɗaɗa, ba ya komawa. A kwance sukurun ƙasan kafireta a tari fetur ɗin a kwalba mai haske, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa.

Robar da ke haɗa kafireta da inji takan bushe ta tsattsage da zafin rana. Iskar da ke shiga ta nan kaɗan ce, a babban gudu ba a jin ta, amma a silo tana rinjayar ɗan fetur ɗin da ke shiga. Alamarta inji ya ƙi sauka da wuri idan an saki totur, ko silo ya riƙa hawa da sauka shi kaɗai. A fesa ɗan ruwa a kan robar inji na aiki. In sautinsa ya canja, akwai kafa. Matatar iska kuwa akasin haka take yi: ƙurar hunturu ta toshe ta, fetur ya yi yawa, filogi ya baƙanta.

Tun da aka cire tallafin fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, roƙon da kanikawa suka fi ji shi ne, "Maigida, a rage masa shan mai." Sai a murɗe sukurun cakuɗe har inji ya koma rayuwa da ƙyar. Abin da ake tsimi a nan bai taka kara ya karya ba, domin wannan sukurun hanyar silo kawai yake iko da ita, amma mis da zafin inji da yake jawowa na gaske ne. Saitinsa shi ne a murɗa shi ciki a hankali har ya taɓa, ba tare da an ɗaure ba, a dawo da shi kamar juyi ɗaya da rabi, sannan da inji mai zafi a riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan har a samu inda silo ya fi tashi ya fi daidaita, daga nan a sauke silo da nasa sukurun.

Bawul ba ya ɗaukar dogon bayani. Da tsufa yakan nutse a mazauninsa, tazarar ta ƙare, in inji ya yi zafi ya kasa rufewa sosai. Kik ya yi laushi, tashi ya yi wuya, silo ya ƙi zama. Ana saita shi da inji mai sanyi, a kan alamar T a bugun matsi, da fila geji: milimita 0.08 a CG125, 0.05 a yawancin roba-roba. Bawul mai ɗan ƙara cak-cak ya fi wanda aka matse don a yi shiru.

Masu Jincheng da sauran injuna masu bugu biyu su sani cewa 'yar tsallake-tsallaken da suke yi a silo ba tare da kaya ba ɗabi'arsu ce. Abin dubawa shi ne yawan man 2T da ke jiƙa filogi, da salansar da gawayi ya toshe, da robobin gefen kiranshaf. In robar ɓangaren magineto ta mutu, iska na shiga, silo ya riƙa tashi shi kaɗai, kuma in aka yi sakaci fistin na iya kamewa.

CDI ɗin da ake fara zargi shi ya kamata ya zo ƙarshe. Yana lalacewa, amma ba kamar yadda ake sayar da shi ba, kuma mitar gareji ba ta iya tabbatar da lafiyarsa. Hanyar gwada shi ita ce a aro na wani babur irinsa da ake da tabbacin yana aiki, a maƙala, a hau a zagaya har inji ya yi zafi, ba a canja komai tare da shi ba. A tabbatar irinsu ɗaya ne, domin akwai mai shan wuta daga magineto, akwai mai sha daga batir, kuma wani lokaci soket ɗinsu kan yi kama. In aka sa wa babur wanda ba nasa ba, ko dai ya ƙi tashi, ko a ƙone na aron.